INJIN WUTA BA SHI DA ƘAFA

'Yan'uwa 'yan jam'iyya na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da ku na Tasawa, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Gaya: Wannan takarda a karanta ta a taron kowane reshe. Mai karatu ya ɗaga murya don waɗanda ba su shiga lakwal ba su ji, gama su maganar ta fi shafa.

Maganar wutar lantarki ce. Kun sha gani: in manya za su aza harsashin gidan wuta sai a kafa rumfa, a kira makaɗa, a miƙa wa babban baƙo cokalin magina, a ɗauki hoto. A ce mana megawat kaza na nan tafe, nan da shekara kaza duhu ya ƙare. Mu yi tafi mu watse. Amma ba mu taɓa jin wanda ya tsaya cikin rumfar nan ya gaya wa talakawa ta wace hanya injin zai biyo ba, ko wane kadarko zai ɗauke shi, ko kuwa mabuɗin ƙofar da zai shigo yana aljihun wa. To, injin wuta ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike. Ɗauko shi a ke yi. Ƙasarmu kuwa ba ta taɓa teku ko da taƙi ɗaya ba. Duk wanda ya yi mana alkawarin wuta bai ambaci hanya ba, rabin magana ya faɗa, ya haɗiye rabin da ke da ɗaci.

Ga yadda abin ya ke, don kada wani ɗan boko ya ruɗe ku da manyan kalmomi. Abin da Nasara ke kira turbin ƙatuwar farfela ce ta ƙarfe. Ruwan da aka datse, ko tururin da aka dafa da kwal, ko gas mai ƙuna, shi ke bugun fikafikanta ta juya. Ita kuma ta juya wata sanda, sandar ta juya janareto, janareto ya haifi wuta. Daga nan wutar ta shiga taransifoma a ɗaga ƙarfinta yadda za ta iya doguwar tafiya cikin waya. Ba ko ɗaya cikinsu da a ke ƙerawa a Nijar. Daga Turai ko Sin su ke tasowa cikin jirgin ruwa, jirgi kuwa iyakarsa bakin teku.

Abin da ke kwantuwa a kan kwance shi a zuba cikin kwantena. Amma akwai guntayen da ba su rabuwa: cibiyar farfelar, da sandar, da babban taransifoma. In ka yanka su ka kashe su. Irin waɗannan guda ɗaya ya kan kai tan 50, ya kan wuce tan 100, gwargwadon girman gidan wutar. Ku na kasuwa ku auna da abin da kuka sani: tan 100 buhun gero 1,000 ke nan masu kilo ɗari ɗari, a dunƙule wuri ɗaya, ba damar a sauke rabi a Doso a dawo a ɗauka gobe.

A tashar jiragen ruwa ƙugiya ke ɗaga shi ta aza kan wata tirela ta musamman, doguwa, mai ƙasa ƙasa, tayoyinta jeri jeri kamar ƙafafun shanshani. Kowane jeri yana da abin da ke ɗaga shi ko sauke shi da ƙarfin mai, don in wata taya ta faɗa rami sauran su riƙe nauyin, kayan kada ya karkace. Kan mota ɗaya na ja a gaba, wani lokaci wani na turawa a baya, jandarma na share hanya. Ba a gudu. Tafiyar da kamyo ke yi cikin kwana biyu ita sai ta ci mako biyu ko fiye. Tun watanni kafin ta tashi sai injiniyoyi sun bi hanyar daga bakin teku har ƙofar gidan wutar da ma'auni a hannu. Su auna faɗin kowace kwana, da tsayin kowace waya da ta gitta titi, da ƙarfin kowane kadarko da kwalbati. Inda waya ta yi ƙasa a ɗage ta ko a yanke wutar unguwa. Inda shataletale ya yi ƙunci a fasa gefensa. Inda kasuwa ta ci titi a tashe ta ran nan. Inda kadarko ba ya iya ɗauka, ko a tokare shi da ƙarafa, ko a shimfiɗa wani na ƙarfe bisa kansa, ko a yi ratse ta cikin busasshiyar ƙorama. In damina ta sauka kuwa ratse ya mutu, sai jira. Jiran nan da kuɗi a ke yinsa. Hayar tirela na tafiya ko tana tsaye, kuɗin ajiya a tasha na tafiya, bashin da aka ci don aikin yana ta haihuwa. Ƙarshenta duka kan takardar kuɗin wuta za su sauka, watau kan mai injin niƙa da tela da mai walda.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya riƙe, gama za mu bukace shi nan gaba. Gudron ba jimlar nauyin mota ya ke ji ba, nauyin da ke kan kowane jerin taya ya ke ji. A Amurka, tsakanin 1958 da 1960, an gina titunan gwaji a jihar Ilinoi, aka yi ta bin su da motoci masu nauyi iri iri don a ga abin da ke kashe titi. Abin da aka gano shi ne, in ka ninka nauyin jerin taya sau 2, ɓarnar na ninkuwa kusan sau 16. Kan irin wannan hujja ƙasashen UEMOA suka kafa doka mai lamba 14 a 2005, wadda ta ce jeri ɗaya kada ya wuce tan 11 da rabi. Yanzu ku duba misali. Ƙarfe mai tan 120 bisa tirela mai tan 30, jimla 150. A raba kan jeri 15, kowane ya ɗauki tan 10. Ashe dodon nan da yara ke bi da kallo bai ko kai iyakar nauyin jeri ɗaya ba. Kamyon siminti da aka labta wa kaya har jeri ɗaya ya ɗauki tan 20 ya fi shi cin titi, ga shi kuwa shi kullum ya ke wucewa.

Kadarko shi halinsa dabam. Shi jimla ya ke ji, domin tirelar duka na iya hawa kan gaɓa ɗaya lokaci guda. Shi ya sa a ke tsai da kowace mota, tirela ta bi tsakiya ita kaɗai, sannu kamar mai tafiya da ƙafa. Kadarko ɗaya mai rauni a tsakiyar tafiyar kilomita 1,000 ya isa ya tsai da gidan wuta na biliyoyi.

To, mu duba tamu hanyar. Daga Kotonu zuwa Yamai kilomita sun haura 1,000. A bi Paraku, a bi Kandi, a iso Malanbil, a ƙetare kogin Isa a faɗo Gaya, sai Doso. A Doso hanya ta rabu. Hagu Yamai, dama kuwa Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, wadda ke kusan kilomita 900 daga Yamai. Kadarkon Gaya na farko sai 1958 aka gina shi, saura shekara 2 mulkin kai. Kafin nan sai fito. An ƙara na biyu a 1988 zuwa 1989. Wannan ɗan maƙogwaro shi ne yawancin kayan ƙasar nan suka yi ta bi shekara da shekaru.

Wa ya bar mu haka? Tarihi ba ya ɓuya. Faransa ta ja dogo daga Kotonu, ya iso Paraku a 1936, kilomita 438, ya tsaya cik. Ingila ta ja nata daga Ikko, ya iso Kano a 1911, ya miƙa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, shi ma ya tsaya cik a ƙarƙashin hancinmu. Cikin ƙasar Nijar kuwa Nasara bai shimfiɗa dogo ko kamu ɗaya ba duk tsawon mulkinsa. Hanyoyin jar ƙasa da ya bari kakanninmu suka yi su da kwando a ka, aikin dole, ba lada ba na gode, har aka hana shi a 1946. Da gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bin Kano domin nan ne kusa, sai abin ya yi wa Faransa ciwo. A farkon shekarun 1950 ta fito da tsarin da ta kira Irondal, watau tsattsewa, tana tallafa wa sufuri don kamyo su juya da gyaɗa zuwa Paraku a aza ta dogon Kotonu. Tsofaffinmu na Maraɗi sun san wannan. Ba don manomi ya huta aka yi ba, don kada riba ta bi tashar Ingilishi aka yi. A 1959 aka kafa hukumar dogo ta haɗin gwiwa tsakanin Dahomai da Nijar, sai ga mu masu rabo cikin jirgin da bai taɓa taka ƙasarmu ba. Wannan fa shi ne gadon da aka bar mana.

Amma Nasara ya sauke tutarsa tun 1960. An haura shekara 60. Yaron da aka haifa ran nan yau yana da jikoki. Wanda har yau ba shi da amsa sai "laifin Nasara ne", muna tambayarsa: kai fa, me ka yi da naka lokacin?

Kada kuwa kowa ya ce mana abin ya gagara. Bai gagara ba, mun ga an yi. A 1971 aka fara fitar da yuraniyom a Arlit, a 1978 aka ƙara da Akokan. Nan da nan aka gane ma'adini na son hanya, yana son wuta. Wajen 1980 gudron ya ratsa daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, kilomita fiye da 600 cikin hamada, aka sa masa suna hanyar yuraniyom. A 1981 kamfanin Sonichar ya kunna gidan wutarsa na kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, wanda ke da turbin 2 na tururi, tare suna ba da wajen megawat 37. Wurin nan ya fi kilomita 1,500 daga kowace tashar teku. Kun ji? Tun shekara 40 da suka wuce turbin ya kai tsakiyar Abzin, lokacin da yawancin garuruwan da a ke karanta wannan takarda ba su san fitilar da ta wuce aci-bal-bal ba. Ya kai ne domin ramin ma'adini na jiransa. Haka kuma man Agadem. Da aka tashi fitar da shi aka binne bututu kusan kilomita 2,000 har Seme a gaɓar tekun Benin cikin 'yan shekaru, jirgi na farko ya ɗauki mai a 2024. Abin da zai fita daga ƙasar nan bai taɓa rasa hanya ba. Abin da zai shigo don talaka shi ne kullum a ke ce wa a yi haƙuri, kuɗi ba su samu ba. Ita kanta hanyar yuraniyom an bar ta ta ruɓe, har sai da gyaranta ya shiga cinikin da aka yi da Areva a 2014, inda kamfanin ya yi alkawarin yuro miliyan 90.

Ku aza wannan kusa da labarin Kandaji. Tun shekarun 1970 a ke maganar datse kogin Isa a can, wajen kilomita 180 sama da Yamai, kan hanyar Tilaberi zuwa Ayoru. Shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashi a 2008. Aka ba wani kamfanin Rasha, aiki ya ƙi gaba, aka soke kwangila a 2013. A 2019 aka sake kafa rumfa, wannan karo da kamfanin Gezhouba na Sin. Tsarin ya ce injuna 4, megawat 130, ga ruwan noman rani. Aka tashi ƙauyuka, aka ce wa dubun dubatar mutane su shirya barin gonakin kakanninsu. A watan Agusta 2023 kamfanin ya tsai da aiki don kuɗi sun yanke. Mu dai muna son Kandaji, ba mu ɓoye ba. Amma a ce gobe an gama zuba kankare tsaf: farfeloli 4 ɗin nan da janaretocinsu da taransifominsu ta ina? In ta Kotonu ne za su ƙetare kogi sau ɗaya a Gaya, su bi gaɓar hagu har Kandaji, tafiyar da ta fi kilomita 1,200. In ta Lome ne sai sun ratsa Burkina, su faɗo Tera, su nemi ƙetarewa a Fariye ko Yamai, sa'an nan su juya arewa. Kowace hanya da nata kadarkuna, kowane kadarko da nasa lissafi. Wa ya taɓa kawo wannan lissafi gaban majalisa, balle gaban kasuwa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Cikin wannan jira da wutar aro muka rayu. Najeriya ta gama Kainji a 1968. A 1976 waya ta taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya wata ta taso daga Katsina zuwa Gazawa ta raba wa Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke sayarwa daga Najeriya ta ke zuwa. Manyan Najeriya da bakinsu sun sha faɗa cewa suna ba mu wutar ne don kada mu datse kogin a sama da su. Ba mu zarge su ba, kowa ƙasarsa ya ke wa aiki. Namu manyan mu ke tambaya, waɗanda suka ga wuta mai araha suka miƙe ƙafa. An dai gina Goru Banda a 2017, megawat 80, amma injunan dizal ne masu shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, su ma kuwa ta teku suka zo, kan taya suka ƙarasa.

Sai ga ranar da aka ja zanen aro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta aza takunkumi, Najeriya ta yanke wuta a farkon Agusta, Benin ta rufe iyaka. Wutar ba ta dawo ba sai Maris 2024. Kun tuna watannin nan. Mai ƙanƙara ya zama mai ruwan zafi, mai walda ya koma zaman benci, asibitoci sai janareto in akwai mai. Ba mu manta da waɗanda suka fara kulle ƙofa kan talakan da bai ci ba bai sha ba, ba kuwa za mu manta ba. Hana wa ƙasar da ba ta da teku abinci da magani zalunci ne, ko wa ya sa hannu a takardar.

Amma akwai sauran magana, ita ce wadda wasu 'yan'uwa ba su son ji. Benin ta buɗe nata gefen a Fabrairu 2024. Namu gefen gwamnati ta bar shi a rufe, ta ce don tsaro ne, haka kadarkon Gaya ya zauna a 2024 da 2025. Ƙananan kaya suka koma kwalekwale. Manya suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, ayari ayari da rakiyar soja, a jira makonni kafin ayari ya tashi, a hanya kuma 'yan bindiga su kan far masa. Direbobinmu da yaransu sun bar rayukansu a hanyar nan, Allah ya ji ƙansu. To, buhun shinkafa ya shiga kwalekwale, babur ma ya shiga. Taransifoma mai tan 100 fa? Tirelar da ke tafiyar hawainiya, wadda ba ta iya juyawa balle gudu, ku ce ta ratsa dajin da kamyo mai gudu ke tsoro? Tsaron iyaka hakkin gwamnati ne, ba mu musa ba. Hakkinmu ne mu ma a gaya mana farashinsa, a gaya mana sharaɗin da in an cika shi ƙofa za ta buɗu, a kuma nuna mana cewa ana aikin cika shi. Masu tsayawa a dandali suna cewa "ba mu bukatar tashar kowa" su je su faɗa wa mai injin niƙa a Tasawa. Kirari ba ya ɗaukar tan ɗaya.

Ƙasar da Allah ya ajiye a tsakiya ba ta da ikon zaɓen ƙofa ɗaya ta rungume, ko ta so mai ƙofar ko ta ƙi shi. Nasara ya ɗaure mu da Kotonu don amfanin kansa, 2023 ta nuna mana ƙarshen wannan. In muka saki Kotonu muka ɗaure kanmu da Lome, igiya kawai muka sake. Muna da Kotonu, muna da Lome, muna da Ikko ta Kano da Katsina, muna da Aljeriya ta Asamaka ko da ya ke da nisa. Mulkin kai a nan shi ne kowace cikinsu ta kasance da titi da kadarkon da zai ɗauki kaya mafi nauyi, da takardar yarjejeniya a ajiye, yadda ran da ɗaya ya murtuke fuska za mu juya kan mota ba tare da roƙo ba.

Wani zai ce, ai maganin duka dogo ne. Mun ji wannan waƙa a 2014, sa'ad da kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai. A Janairu 2016 aka yi bikin kilomita wajen 140 zuwa Doso, aka hau jirgi aka yi hoto. Daga Doso kuwa sai ina? Babu. Tsakaninsa da Paraku ba a haɗa ba, shari'a ta tashi a Benin kan wanda ke da ikon ginin, aiki ya mutu. Dogon da ba ya kai teku ba ya kai komi. Sai ga Najeriya a Fabrairu 2021 ta aza harsashin nata daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. Mutanen Katsinar Maraɗi sun yi murna, suna da gaskiya. Sai dai a lura, faɗinsa mita 1.435 ne, na Doso da na Paraku kuwa mita 1, jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Kuma kada a ruɗe ku, dogo ba lalle ne ya ɗauki cibiyar farfela ba. Ƙarfen da ya fi tarago faɗi ko tsayi, titi zai koma. Amfanin dogo shi ne ya kwashe siminti da mai da taki da albasa da wake daga kan gudron, don gudron ya rayu har ran da babban kaya zai bi ta kansa.

Nan ne lissafin da muka ce ku riƙe ya dawo, nan ne kuma yatsa ya juyo gida. Wa ke kashe titin Doso zuwa Gaya, da na Ƙonni zuwa Tawa? Ba Faransa ba ce ke labta wa kamyo kayan mota biyu. Alhazanmu ne, wasunsu suna zaune cikin taron nan ana karanta musu wannan takarda. Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ka ji lissafi: ribar tafiya ɗaya da ka ci, titin da aka gina da bashin ƙasa don ya yi shekara 15 ko 20 ya biya ta da ransa. An kafa sikeli a hanyoyi, doka na nan tun 2005. In sikeli ya zama wurin miƙa jikka biyu a wuce, to mai karɓa da mai bayarwa sun haɗu sun sayar da titi. Mun san kukan masu motoci, ba ƙarya ba ne: shingaye sun yi yawa, kowane da hannu a miƙe, kamyo na zuwa da kaya ya koma wayam, sai an yi lodi fiye da ƙima a ke fita kuɗin mai. To, a rage shingaye, a yi doka ɗaya ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo, mai uwa a gindin murhu da marar ita. Ɗan jam'iyya da ke zagin mulkin mallaka da safe, da yamma ya fasa kwalbatin garinsu da lodi, ya sake tunani.

Akwai samarinmu masu ilmi da ke cewa a bar zancen manyan ƙarafa, rana muna da ita har ta yi yawa, faifan hasken rana kuwa kowane kamyo na ɗauka. Suna da rabin gaskiya, kuma muna goyon bayansu. Malbaza ta sami megawat 7 na rana a 2018, Goru Banda ta sami 30 a 2023, a ƙara dubunsu, musamman ƙauyukan da waya ba za ta kai ba nan kusa, gama har yau cikin 'yan Nijar 5 da ƙyar 1 ke da wuta. Amma rana na faɗuwa da magariba, kamfanin siminti kuwa ba ya barci, famfon ruwan birni ba ya barci, batir kuma da tsada. Ko gonar faifan in ta girma sai ta nemi babban taransifoma, shi kuwa mun faɗi nauyinsa. Ku mutanen Tawa an daɗe ana yi muku zancen kwal ɗin Salkadamna, har ana ambaton megawat 600. In gaskiya ne, turbin ɗinsa zai ninka na Anu Araren sau da yawa. Ku da kuke bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa kowane mako, kun fi kowane minista sanin ko za ta ɗauka.

Saboda haka ga aikin da a ke so kowane reshe ya yi. Reshen da babbar hanya ta ratsa garinsa ya naɗa mutum biyu, ɗaya ya kasance direba ko makanike, su bi hanyar tun daga iyakar garin da ke gabansu har na bayansu. Su ƙirga kadarkuna da kwalbatoci, su rubuta wanda ya tsage, da wanda ruwa ya yanke bara, da kwana nawa motoci suka yi a tsaye. Su rubuta ko sikelin yankinsu na aiki, da shingaye nawa kamyo ke tsayawa. 'Yan'uwanmu na Gaya da na Ɗan Isa da na Magarya su ƙara da halin iyaka. A aiko da takardun hedkwata kafin ruwan farko ya sauka, za mu haɗa su mu buga.

Ran da kuma wani babba ya zo garinku aza harsashin gidan wuta, ku tarbe shi da mutunci kamar yadda muka gada. In an gama jawabi, dattijon reshe ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode. Injin nan ta wace tasha zai sauka, ta wane kadarko zai biyo?" Sakatare ya rubuta amsar yadda ta fito, da kwanan wata, da sunan wanda ya bayar, ya haɗa cikin takardun da za a aiko.